Kwanon Disamba

A Birnin Konni, kwaɗo ne ke fara ba da labarin Kirsimeti. Daga tsakiyar Disamba sai ka riƙa ganin shagunan kayan babur da na mota a garƙame, ɗaya nan, ɗaya can, kowanne da kwaɗo biyu. Ba rasuwa aka yi ba, ba kuma 'yan duwan ne suka zo ba. Mai shagon ya tafi gida. Ɗan kabu-kabun da sarƙar babur ɗinsa ta tsinke a makon nan, shi ne mutum na farko a unguwa da ke sanin wani biki ya ƙarato. Yakan tsaya gaban ƙofar, ya karanta lambar wayar da aka rubuta da alli, ya tura babur ɗinsa gaba.

Gyara zama ka ji su wane ne ke wannan biki a nan. Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen ƙasar ba. A cikinsu akwai 'yan ƙasa, Hausawa da Zabarmawa da Gurmawa, waɗanda ba baƙin kowa ba ne. Yau ba zancensu nake ba. Zancen waɗanda hanya ta kawo nake. Konni tana zaune ne inda babban titin Yamai zuwa Damagaram ya haɗu da wanda ya gangara Sakkwato. Yamai tana can kilomita 400 da 'yan kai. Illela ta Najeriya kuwa, kafin hirarka da ɗan kabu-kabu ta yi nisa kun isa. Garin da ke irin wannan mararraba ba ya rasa baƙi. Ga Ibo masu kayan gyara. Ga Yarbawa masu kwanuka da robobi da atamfa. Ga 'yan Benin da Togo, magina da kafintoci da masu kitso da malaman lakwal. Gaba kaɗan ga masana'antar siminti ta Malbaza, wadda take jan ma'aikata tun shekarun 1960, sannan Galmi da asibitinta. Wasunsu a nan suka yi furfura. Har yanzu in suka ce gida, wani wuri suke nufi.

Disamba kan raba su kashi biyu, masu tafiya da masu zama.

Masu tafiya yawanci Ibo ne, don a wurinsu Kirsimeti a ƙauye ake yin ta. Ɗaurin aure, taron dangi, taron gari, buɗe sabon gida, duk an tara su cikin mako biyun nan. Mutum zai shekara yana kwana a ɗakin haya mai katifa ɗaya a Konni, yana tura kuɗi ana ɗora masa bene a Anambra ko Imo. Benen nan kwana goma zai yi a ciki a shekara. Sauran kwanakin na ƙadangaru ne.

Hanyar ba gajera ba ce. Illela, Sakkwato, sannan doguwar mota har Anacha. Kuɗin mota kan tashi a watan, kowa ya sani, kowa kuma yana biya. Cunkoson da ake yi a gadar Neja tsakanin Asaba da Anacha ya yi suna, har a Disambar 2022 gwamnatin Najeriya ta buɗe gada ta biyu na ɗan lokaci tun ba a gama ta ba, don masu wannan tafiya. Kogin nan da suke ƙetarewa shi ne dai wanda ya ratsa Yamai. Dubi kuma kayansu a tasha. Buhun albasar Galmi, ƙunshin kilishi, wake, dabino. Wanda ya shigo Konni da ƙarfe, da albasa yake fita.

Masu zama su ne abin kallo. Ba za ka taɓa jin ɗayansu ya ce kuɗin mota ne babu ba. Madam tana da juna biyu. Hanya ba lafiya. Yaron shago sabo ne, ba a bar masa kaya. Baɗi in Allah ya kai mu. Maganar hanya dai gaskiya ce, wanda ya san gabashin Sakkwato da Zamfara a shekarun nan ba zai musa ba. Wani lokaci kuma gwamnati ce ke taimaka musu da hujja. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta sake buɗe ta Illela ba sai 16 ga Disambar 2020, saura kwana tara biki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufewa, sai Maris na 2024. Ka san dai abin da rufe iyaka ke nufi a Konni. Kuɗin ɗan kabu-kabu ya ƙaru, hanyar kuma ta koma bi ta gonar wani. Gwauro zai iya. Mai mata da 'ya'ya huɗu da buhun albasa, sai ya dubi babur, ya dubi iyalinsa, ya ce bana a nan za a yi.

Wanda ya zauna, sai ya shiga tattaro gida guntu-guntu. Abin da ke fara fitowa kwali ne daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai itacen roba, tsawonsa bai wuce na yaro ɗan shekara biyar ba, rassansa a naɗe tun bara. Ana miƙe su ɗaya bayan ɗaya. Itacen da yake kwaikwayo na ƙasashen sanyi ne, bai taɓa tsirowa a Adar ba, bai kuma tsiro a Anambra ko Kwatano ba. Al'adar Jamusawa ce. Mutanen Ingila sun rungume ta bayan an buga zanen Sarauniya Biktoriya da iyalinta kewaye da irinsa a 1848. Yau kuma yawancin na roba daga Sin suke fitowa, inda garin Yiwu ya shahara da kasuwar kayan. Ke nan mutumin Najeriya, a ƙasar Nijar, yana tuna ƙauyensu da itacen Jamus ƙirar Sin. Na Togo dai yana da ɗan abin faɗa, tun da Jamus ta taɓa mulkinsu.

Ana yayyaga auduga a ɗora kan rassan, wai ƙanƙara ce ta zuba. Hunturu ba ya wasa da fari. Kwana biyu audugar ta koma launin bangon gidan. Uwargida kan bi ganyen robar da jiƙaƙƙen tsumma kowace safiya, kafin azahar ƙura ta mayar da abinta. Sai fitilu masu ƙyaftawa, ja da kore, waɗanda rayuwarsu ke hannun kuran. Kafin 2023 mafi yawan wutar da Nijar ke sha daga Najeriya take zuwa, kuma a Agustan shekarar aka yanke ta. A Disambar 2023 ba fitilun kaɗai ke ƙyaftawa ba, har da unguwar.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne labarin da ake bikin dominsa. A Linjilar Luka, sarki ne ya ba da umarnin ƙidayar jama'a, mutane suka kama hanya, masauki ya cika, haihuwa ta zo, aka kwantar da jariri a komin dabbobi, makiyaya kuma suna kwana a fili da garkensu. Linjilar Matiyu ta ƙara da gudun iyalin zuwa Masar, wato su ma sun ɗanɗana zaman ƙasar wasu. Babu ƙanƙara a ciki, babu itacen sanyi. Duk abin da labarin ya ambata yana nan bayan garin Konni kyauta: makiyayi da sandarsa, tumaki, harawa, matafiyin da dare ya yi masa a tasha. Amma in ka leƙa ɗakin, 'yan tumakin roba ne aka sayo aka jera a gindin itacen. Tunkiyar gaske tana waje, tana cin gefen zanen da aka shanya.

Maƙwabcinsu Musulmi shi ma ya san haihuwar Annabi Isa, ya karanta ta a Suratu Maryam, kuma itacen da ke wurin dabino ne. Dabino kuwa a gwangwani ake auna shi a bakin titi. Ban taɓa ganin an rataya shi a jikin itacen robar ba.

Daga ado sai tukunya, nan ne aikin yake. Tun makonni kafin ranar ake bai wa direba sautu. Agushi, ogbono, manja, garin rogo, doya, da wani busasshen kifi mai taurin katako wanda Ibo ba sa miyar biki sai da shi. Kifin nan daga Norway yake fitowa, shi ma baƙo ne a Anacha. 'Yan Benin da Togo suna neman ƙullun masararsu da barkononsu da kifinsu. Kowa da ƙanshin da yake nema, don in bai ji shi ba, a wurinsa ba a yi biki ba. To amma buɗe tukunyar ka duba. Shinkafar ta Tailan ce ko Indiya, a kasuwar Konni aka auno ta. Albasar ta Galmi ce. Tumatir da tattasai na masu noman rani ne na nan kusa. Man gyaɗar wata tsohuwa ce ta matse shi a ƙauye. Abin da ya zo daga gida bai cika tafin hannu biyu ba, amma in an zuba, sai a ce yau an ci abincin gida.

Turawa talo-talo suke yankawa. A nan zakara ne da zabo. Mai kaji bai taɓa taka ƙofar coci ba, amma ba wanda ya kai shi riƙe kwanan watan.

"Baba, wannan ba shi ne zakaran makon jiya ba?"

"Shi ne, Madam."

"To me ya sa ya ƙara jika guda?"

"Ai ya ƙara kwana bakwai."

Takan yi tsaki, ta yi kamar za ta tafi, ta dawo ta biya. Yakan ɗaure mata ƙafafun da tsumma, ya yi mata barka da shan biki.

Tela kuwa ba ya nuna bambancin addini. Iyali sukan yanki atamfa ɗaya su yi anko, daga maigida har na goye. Yadda yake saɓa alkawari a jajibirin Sallah, haka yake saɓa shi a jajibirin Kirsimeti, da kalmomi iri ɗaya. Daren 24 ga wata za ka tarar da yarinya zaune a bencinsa tana gyangyaɗi, tana jiran a sa wa rigarta zif.

Akwai wani ɗan abu da ke faruwa da sassafe wanda ba kowa ke lura da shi ba. Yaro kan fito daga gidan masu biki ya yi sallama a ƙofar maƙwabci. "Baba, wai in ji mamanmu, don Allah ka zo ka yanka mana kaji." Dattijon ba ya tambayar dalili. Yakan shigo da wuƙarsa, ya ɗan wasa ta a bakin dakali, ya dubi gabas, ya taka fukafukin, ya ambaci sunan Allah, ya yanka. Yaron ya zuba masa ruwa a buta ya wanke hannu. Ba a biyansa. Maigidan ya iya yanka sarai, a ƙauyensu akuya ma yana kayarwa. Amma kazar da ya yanka da hannunsa iyakarta tsakar gidansa, wadda Baba ya yanka kuwa tana iya shiga kowane gida a layin. Abin da ba na fita ba ne, kwalba ce ko wani nama, yana da tasa tukunyar da nasa lungun. Ba wanda ya zauna ya tsara wannan. Wuƙar dai ta Baba ce, kuma da ita yake komawa.

Coci kuma kala-kala ne. 'Yan Katolika na yankin suna ƙarƙashin Maradi, wadda aka ba ta nata bishop a 2001, kuma na farkon, Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina Faso ne. Jagoran baƙin ma baƙo. Akwai ikilisiyoyin da suka samo tushe daga aikin mishan ɗin SIM, wanda ya fara a Damagaram a 1924. Akwai kuma ƙananan majami'u irin na Najeriya, masu lasifika da ganga. A cikin ɗaki ɗaya sai ka samu wanda ba ya jin Faransanci yana zaune kusa da wanda ba ya jin Turanci. Wannan ya yi boko a Inugu, wancan ya yi lakwal a Lome. Abin da ke haɗa su Hausa ce, wadda kowannensu ya koya wajen ciniki. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa cikakke tun 1932. Sai ka ji an karanta labarin makiyaya da harshen masu gari, kowa yana gyaɗa kai, har da wanda Hausarsa ba ta wuce "nawa" da "rage mini" ba.

Daren akwai sanyi. Ankon da aka sha wahala a kansa yana ɓoye ƙarƙashin rigar sanyi ta gwanjo. Wani saurayi kan sa jar riga da jar hula da gemun auduga, ya fito a matsayin Baba Kirsimeti. Da dare shi kaɗai ne ya yi shigar hankali. Kashegari da rana, in aka sake sa shi, gumi ne ke saukar da gemun. Manyan yara sun gane shi ta takalminsa. Ƙananan kuwa ihu suke, suna ɓuya bayan iyayensu, sai an karɓar musu alewar.

Tun abin da ya faru a Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen wata jaridar Faransa, ba abin mamaki ba ne ka ga mai kaki a ƙofar coci a irin wannan dare. Galibi shi ma Musulmi ne, kuma ba daga garin yake ba, aiki ne ya kawo shi. In an tashi akan miƙo masa faranti. Yakan jingine bindigar a cinya ya ci.

In ka bi titin Maradi ka wuce Malbaza, ka isa Galmi. Asibitin mishan na can yana aiki tun 1950, kuma an sha ganin likitoci da ma'aikatan jinya daga Amurka da Turai da Ostareliya sun zo da matansu da 'ya'yansu sun zauna shekaru. Su ma ba bakinsu ɗaya ba kan abin da suka rasa. Ba'amurke yana kewar ƙanƙara. Mutumin Ostareliya kuwa a ƙasarsu tsakiyar zafi ake bikin, bakin teku yake kewa. Hunturu kan ba kowannensu rabi, sanyi da asuba, rana da azahar, ba wanda ya gode. Matansu kan tankaɗe fulawar kasuwa su fitar da ƙwari, su gasa biskit mai siffar tauraro. Ciwo kuma bai san hutu ba. Naƙuda ba ta duba kalanda, ɗan kabu-kabu ba ya fasa faɗuwa. Likita kan tashi daga kan abinci, in ya dawo an rufe masa nasa da faranti.

Yanzu Turawa sun yi ƙaranci a ƙauyukan yankin. A Oktoban 2020 aka sace wani Ba'amurke a gidansa a Massalata, nan kusa da Konni, sojojin ƙasarsa suka ƙwato shi bayan 'yan kwanaki a cikin Najeriya. Tun daga nan Bature ba ya yawon kasuwa yadda ya saba. Baƙon da fatarsa ba ta tona shi, shi ne ya ci gaba da zuwa wurin mai kaji da ƙafarsa.

Da hantsi sai waya. Kusan kowa a nan layi biyu gare shi, na Nijar da na Najeriya, kuma kowa ya san kusurwar da kowanne ke kamawa. Za ka ga magidanci cikin sabon anko ya manne da katanga, ya ɗaga waya sama, yana kiran gida ta WhatsApp. Ana nuna tukunya. Ana nuna itacen, ta ɓangaren da aka goge. Ana jera yara a gaban kyamara. Ba a nuna rufin kwanon da ke yoyo, ba a nuna littafin bashi. Daga can ma bene ake nunawa da akuyar da aka yanka, ba a nuna rigimar fili. Kaka takan yi wa jikanta magana da harshen gida, shi kuma ya amsa da "lafiya lau", uwar tana zungurinsa. Tun da naira ta faɗi daga 2023, mai samun sefa ya zama babban mutum a ƙauyensu ba tare da ya ƙara ko kwabo ba. 'Yan canjin Konni sun san haka, dangi ma sun sani. Kiran kan fara da addu'a, ya ƙare da lambar asusu.

Shi kuwa gari, harkar gabansa yake. Ranar 25 ga Disamba ranar hutu ce a hukumance a Nijar, gadon Faransa. Ofisoshi da bankuna a rufe. Ma'aikacin da ba ruwansa da bikin yana karɓar hutun, ban kuma taɓa jin wanda ya mayar ba. Mako guda kafin nan an yi 18 ga wata, ranar Jamhuriya ta 1958, an gaji da jawabi. Abin da ke riƙe da hankalin mutane a ƙarshen Disamba a shekarun nan kokowa ce, gasar takobi ta ƙasa. A 2023 a Agadas aka yi, Issaka Issaka na Dosso ya ɗauka. A 2024 aka kai ta Dosso. Saboda haka in ka ji ihu ya tashi a unguwa ranar Kirsimeti da yamma, kada ka ɗauka daga coci ne. Wurin mai shayi ne, an kayar da wani a talabijin. Maigidan da ake biki a gidansa ma kan saci jiki ya leƙo, da cinyar kaza a hannu, ya tambayi wa ya faɗi.

A 2024 ranar ta faɗo Laraba, ranar kasuwar Konni. Kasuwa ta ci yadda ta saba. Masu albasa suna can fadama suna ban ruwa, don dashe ba ya jiran kowa. Wasu daga cikin masu bikin ma, da aka taso daga coci, sun buɗe rabin ƙofar shago.

Wajen azahar kwanuka ke fita. Yara ne ke ɗauka, cikin sababbin kaya, takalmi yana matsa musu. Shinkafa dafa-duka, yankan kaza biyu a sama, wani lokaci da cincin a leda. Gidaje kuma ba ɗaya suke ba. Akwai inda za a karɓa a ci a suɗe. Akwai inda za a karɓa da godiya, yaro na juya baya a miƙa wa almajirai. Akwai inda za a ce an gode, an ƙoshi. Malamai sun sha bamban kan abincin bikin da ba naka ba, kowane gida kuma da malamin da yake saurare. Madam ta san duk wannan. Ta san gidan da ke ci, ta san gidan da ke bayarwa, ba ta taɓa nuna ta sani ba. Baɗi ma za ta aika, da yankan kaza biyu kamar kullum. Almajiran layin kuwa ba sa cikin masu saɓani. Tun hantsi suke zaune a inuwar katangar.

Kwano ba ya komawa haka nan. Wani gidan a zuba gyaɗa, wani a sa sabulu, wani a damƙa wa yaron 'yan daloli. Gidan da ba su da abin sawa a ranar sukan wanke shi su mayar, su riƙe abin a rai. Ran Layya sai ga yaronsu da nama a faranti an rufe da leda. Maza suna zaton zumunci ne kawai. Mata sun san lissafi ne, kuma ba a rubuta shi ba, ba a kuma taɓa ɓatar da shi ba. Wadda aka kai wa ƙashi bara ta san abin da za ta zuba bana.

Yaran da ke ɗaukar kwanukan a nan aka haifi yawancinsu. Sun iya shan fura, sun iya cin ƙuli-ƙuli, sun san wace mai ƙosai ce ke ƙari. Ran Sallah suna cikin ayarin yawon barka da Sallah, ba mai ware su wajen rabon kuɗi. Ran Kirsimeti abokansu ne ke biyo su, a zauna a gaban itacen roba ana taɓa fitilun. Shekarar da aka samu hali aka kai su ƙauyen iyayensu, can sai a riƙa kiransu 'yan Hausa. Sauro ya dame su, miyar ta yi musu yauƙi, 'yan uwansu suna dariyar yadda suke magana. Kwana uku sai ƙaramin ya ja rigar ubansa, ya tambaye shi yaushe za a koma gida. A cikin benen da uban ya shekara ashirin yana ginawa ake wannan tambaya.

Watan Musulunci yana ja da baya da kamar kwana 11 kowace shekara, shi ya sa bukukuwan biyu sukan matso kusa, su sake rabuwa. Layyar 2006 ta zo 'yan kwanaki bayan Kirsimeti, ta 2007 kuma 'yan kwanaki kafin ta. A waɗannan shekaru biyu bashin kwano bai yi mako biyu ba aka biya, soyayyen naman rago ma ya shiga cikin dafa-dukar wasu. Bisa lissafi, Kirsimeti ta 2031 cikin azumi za ta faɗo. Ranar ba za a fitar da kwano da azahar ba, sai an kira magariba, kuma Madam za ta so ta haɗa da ƙanƙara ta gaske a leda, ba ta auduga ba. Baba zai zo yanka da bakinsa a bushe. Tela zai samu hujja biyu. Mai kaji kaɗai ne wannan lissafi bai shafa ba. Da azumi ko ba azumi, zakaransa zai ƙara jika.